Abin da Kunne Ya Yafe

A Erlangen, ƙanƙara na lasar taga,
Henrike ta tasa kaset ɗin mahaifinta a gaba.
Layin waya siririyar gada ce,
murya kuwa kaya niƙi-niƙi.
Sai an zubar da wani abu ake hayewa.

Lissafi ya ce babban amo
yakan danne ƙaramin da ke gefensa,
kunne ba ya bin bashin abin da bai ji ba.
Ta yi ta tankaɗe,
goma ta koma ɗaya.

Ta kunna. Shi ne, har kaushin maƙogwaro.
Abokan aiki suka tafa.

Ita kaɗai ta san
kujerarsa takan yi ɗan kuka
kafin ya fashe da dariya.
Ta mayar farko, ta kasa kunne,
tana jiran kujerar.