Ƙarfe Biyun Dare a Rigasa

An ce dare mahutar bawa.
Wanda ya faɗa bai taɓa kwana a ɗakinmu ba.

Ƙarfe biyu ta gota.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
janareton maƙwabta ya yi tari ya yi shiru.
Sauro kaɗai ke aiki, sai cikin Rayyanu.

Ya dunƙule a ƙarshen katifa kamar bushiya,
gwiwa a ƙirji, haƙora a bakin filo,
don kada ƙannensa su farka.
Shekararsa goma sha uku,
har ya iya kuka babu sauti.

"Umma, ya dawo."
Ba na tambayar wa.
Shekara biyu ke nan baƙon yana zuwa ba sallama,
ba ya tuɓe takalmi,
ya zauna ƙasan cibiya ya yi ta murɗa
kamar mai matse wanki.

Na ɗora ruwa a risho, na ɗura a gorar roba,
na naɗe da tsohon ɗankwali na kanga masa.
An sha kanwa, an sha sabara, an sha rubutu.
Mun bar yaji, mun bar wake, har madarar shayi.
Mun bi layin asibiti tun asuba da kati a hannu,
an ɗebi jini, an ɗauki hoto,
likita ta juya takarda ta ce, "Ba mu ga komai ba."
Na yi godiya.
A keke muna hanyar gida ya dube ni:
"Umma, ƙarya nake yi ke nan?"

Barci ɓarawo ne, in ji mutane.
To ɓarawo, ga ƙofa na bar maka a buɗe,
shigo ka sace mini yaron nan
ko na awa uku.
Ka bi layinmu gida-gida,
ka ɗauke mai shayi a kan bencinsa,
ka ɗauke maigadi da sandarsa,
ka zo kanmu ka tsallake.

Sai an kira assalatu ciwon ke saki,
ya tattara ya fita kamar mai bin bashin da ya gaji da zama.
Sannan idon ke rufewa,
daidai lokacin da ya kamata in ce,
tashi, ka makara.

Jiya malamin lissafi ya aiko da wasiƙa:
yaro malalaci ne, kullum kansa a kan tebur.
Na ninke ta biyu,
na sa a ledar da takardun asibiti suke.

Yau ban tashe shi ba.
Jirgin safe ya yi kukansa a tasha,
mai ƙosai ta kusa tashi,
ƙannen sun fita da takalma a hannu har zaure.
Ni ina bakin ƙofa ina tsintar shinkafa.
Duk wanda ya yi sallama,
sai in ɗora yatsa a leɓe.