Hannun Hagu

A Kakuri, bayan katangar masaƙar da ta daɗe da yin shiru,
nan ajina yake: yara sittin da huɗu,
benci ashirin, taga guda ba marfi.

Ina kiran suna da safe.
Habila Dauda.
Ya miƙe, ya buɗe baki,
kalmar ta maƙale masa kamar ƙayar kifi:
"Na... na... na..."
Daga bencin baya Sagir ya ƙarasa masa da kukan akuya.
Aji ya kece da dariya,
har Ladidi, mai raba gyaɗarta da shi lokacin tara,
ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

Hannuna ya kai kan bulala.
Na san halinta sarai:
tana sayo shiru na minti goma,
a biya kuɗin a bayan makaranta, bayan an tashi,
kuma Habila ne mai biya.
Na mai da ita aljihun tebur.

Washegari ban buɗe littafin lissafi ba.
Na kakkarya alli, na ce,
"Yau kowa zai rubuta sunansa a allo,
amma da hannun hagu,
mu kuma muna kallo."

Godiya ta yi nata kamar sawun kaza a kan rairayi.
Mudi ya ƙare bai ga inda wasalinsa ya faɗi ba.
Sai Sagir.
Harafin farko ya juya masa baya,
alli ya karye, ya sunkuya ɗauka,
wani ya yi ƙus, wani ya kama,
dariya ta bi benci benci kamar wutar kara.
Na bar ta ta ci numfashi uku kafin na ɗaga hannu.

"Sagir, ka san sunanka?"
"Na sani, Malama."
"To me ya hana shi fitowa?"
"Hannun ne ya ƙi."
"Da suka yi dariya, a ina ka ji ta?"
Ya daɗe yana duban silifas ɗinsa,
sannan ya ɗora yatsa a maƙogwaro.

"Habila, jiya kai a ina ka ji taka?"
Bai ce komai ba.
Ya ɗora yatsa a wuri guda.

Jirgin ƙasa ya yi kuka can nesa.
Ba wanda ya leƙa taga.

Ban gaya musu ba
cewa a wata makaranta a Tudun Wada
an taɓa kiran wata yarinya Mai-Ƙafar-Agwagwa,
shekara talatin ke nan,
kuma har yau in za ta ratsa taro
sai ta ja zanenta ƙasa.

Kada in yi ƙarya, ba a warke ranar ba.
Ranar Alhamis akuyar ta sake kuka daga baya,
sai dai mutum biyu kawai suka taya,
su ma dariyar ta mutu musu a baki.
Ladidi ta juya, ba ta nemi izinina ba:
"Ku bari ya gama mana."

Muka jira.
Mutum sittin da uku da ni,
da ƙudan da ke yawo a kan allo.
"Na... na zo, Malama."

Na sa masa alama a rajista,
na kira suna na gaba.