Bakin Aro

A kasuwar Agege, tsakanin buhunan albasa,
Barau ya miƙo mini waya.
Ga Alhaja Sikira, mai neman kansila,
wai da ta hau za ta rushe rumfunanmu.
Fuskarta ce, har wushiryar.
Sai dai Hausar ta cika daɗi.
Shekara tara muna ciniki,
ba ta taɓa iya cewa "ƙwarya" ba.

An ce za a yi doka,
a buga wa irin wannan hatimi: ƙirar na'ura.
To. Doka na can tana alwala,
a Idi-Araba har an shafa fatiha.

Da dare na kira ta.
Ta ce, "Har kai, Tanimu?"
Muryarta ce.
Ina jin dai muryarta ce.