Ƙwaƙwalwar Motar Baba

Tun ranar da ruwan Agusta ya ritsa mu a gadar Kwangila
motar Baba ta koyi suma.
Ta tashi da asuba lafiya lau,
mu kai Tudun Wada ta ɗauke numfashi, ko tari babu.

Na sauya fulogi huɗu,
na sauya famfon mai, na ci bashin batir.
Wannan ya ce koyil ne, wancan ya ce baki ne,
kowa da maganinsa, aljihun dai nawa ne.

Aka kwatanta mini Lawandi mai waya,
can bayan tashar jirgi a Sabon Gari,
inda dalbejiya ɗaya ke yi wa mota bakwai inuwa.
Ko bonet bai ɗaga ba.
Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari,
ya soka 'yar na'ura, ya zuba mata ido.
Ya ce, "Sallama uku na yi, ba a amsa ba."

Na ce to a cire ta mana.
Ya ce, "Ba a yanke hukunci sai an ji shaidu."
Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya yana duba su a hasken rana,
ya bi wayar at har inda ta kama ƙarfe,
ya kankare tsatsa da bakin wuƙa.
Mita ta nuna sha biyu cif.
"Ka gani? Wuta na zuwa har bakin ƙofa,
mai ɗakin ne ba ya buɗewa."

Ƙarƙashin kafet, wajen ƙafar fasinja,
ya zaro akwati bai fi tafin hannu biyu ba.
Noti huɗu, murfi ya tashi.
Kore-kore kamar gansakukar bakin rijiya,
da ƙaurin roba da ya daɗe a rufe.
Ya ce, "Ruwa ya kwana nan, ba dare ɗaya ba."

Ya kwafi lambar a bayan tsohon rasit,
ya ce ko harafi ɗaya ya saɓa, an yi asara.
Ilu yaronsa ya hau motar Kaduna,
ya dawo bayan la'asar da 'yar Beljiyom a leda.
Aka fara kwance kan batir,
aka jona, aka ɗaure, aka mayar.
Na murɗa makulli.
Inji ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa,
cikina ya ɗuri ruwa.

Lawandi ya yi dariya.
"Baƙuwa ce, a wata ƙasa ta girma,
ina ta san makullin gidanku?"
Ya zauna da na'urarsa yana gabatar da su,
kamar mai haɗa zumuncin da bai taɓa ƙulluwa ba.
Karo na biyu ta kama, tana rawar ɗari.
Ya ce in ƙyale ta, kada in taka totur,
numfashinta take koya.

Da magariba na shigo Ƙofar Gayan.
Baba na kan tabarma a zaure,
mutumin da ya yi shekara talatin a reluwe,
ya san kowace tasha daga nan har Nguru,
yanzu kullum sai ya tambaye ni ɗan gidan wa.
Ya ji ƙarar, ya ɗaga kai, ya karkata kunne.
"Silo ɗinta ya ɗan yi sama," in ji shi.
Na ce haka ne, Baba, za ta daidaita.
Ya dube ni, ya daɗe.
"Kai ne sabon direban?"

Tsohon akwatin na cikin aljihuna,
Lawandi ya ce in jefar, ba ya gyaruwa.
Na aje shi kan kanta, kusa da rediyon Baba,
na ɗebo masa ruwan alwala.