Gishirin Bur Sudan

Iklas ta dawo makaranta da littafi a hammata,
ta tarar ina shafa mai a faso.
"Baba, yau Ustaz Bashari ya ce
duk abin da ke da nauyi, ya kuma tare gurbi,
dangi ɗaya ne a kimiyya:
dutse, da ruwa, da iskar da ke cikin tayar keke."
Na ce, gajiyata fa? Ai tana da nauyi.
Ta ce ba a ɗora ta a sikeli.

Shekara ashirin da shida
ina kora Bahar Maliya cikin kwami,
in datse bakin, in bar wa rana sauran aiki.
Ruwa ya tafi ba sallama,
ba mai ganin sawunsa.
Abin da ya rage fari ne, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin manjagara,
shi muke durawa a buhu
manyan motoci su kwasa zuwa Kassala.
Ban san abin da nake yi yana da babi a littafi ba.

Ta buɗe, tana bin layi da yatsa.
Daskararre, in ji ta, ya riƙe siffarsa ko ina aka kai shi.
Ruwa kuwa ba shi da gardama,
in ka zuba shi a buta ya zama buta.
Tururi ba ya jin kira,
ɗaki ka ba shi, ɗakin duka zai cinye.
Na ce na san mutum uku masu wannan hali,
kuma dukansu ina bin su kuɗi.

Ta yi dariya har fensir ya faɗi.

Sai ta zo kan sauyi.
Akwai wanda ake komowa daga gare shi:
ƙanƙarar mai kifi ta narke a kasuwa,
a mai da ita sanyi, ta sake tsayuwa.
Gishiri ya ɓace a tukunya,
bai mutu ba, ɓuya ya yi.
Akwai kuma wanda ba a komowa:
gawayin da uwarki ta dafa jabana da shi da safe,
ga tokarsa can, je ki roƙe ta ta zama itace.
Ƙofar langa-langarmu da iskar teku ta ci,
jar tsatsar nan ba ƙarfe ba ce kuma.

Nan na yi shiru.

Kakana daga Haɗeja ya taso da ƙafa,
Makka ya nufa, guzuri ya ƙare a Sawakin.
Ya ce bari ya yi aikin shekara guda.
Ga kabarinsa can bayan tashar jirgi.
Ni Hausata ta sha ruwan Larabci har ta yi laushi,
Iklas kuwa da Larabci take mafarki,
in ta gaishe ni da harshen kaka
sai ta riƙa taka kalmomin a hankali
kamar mai tsallaka kwami da sabon takalmi.

Ban tambayi Ustaz Bashari ba,
kaina na tambaya:
mu narkewa muka yi, ko ƙonewa?

Da magariba na ɗebo teku a faranti,
na ce ta ɗora a kan rufi, aikin gida ne.
Kwana uku muna leƙawa.
Ran na huɗu ta sauko da shi a tafin hannu biyu,
ruwa babu, sai farin ɓawo a gindi.
Ta dangwala, ta kai harshe, ta yamutsa fuska,
ta ce, "Kai, zartsi!"

Ban taɓa koya mata wannan kalma ba.
Tsohuwata ce ke faɗinta a bakin rijiya,
kuma Iklas na goye lokacin da ta rasu.

Na karɓi farantin, ni ma na lasa.