Kiran Suna

Shekara talatin da ɗaya a tashar Ngaundere
ban taɓa kai jirgi Yawunde ba.
Aikina turi da ja:
in zaro taragon auduga daga layi na huɗu,
in manna shi a bayan na shanu,
in koma.
Kan jirgina gajere ne, mai faɗin ƙirji,
iyakarsa ƙofar tasha, kamar ni.

Yau ƙanensa na kan teburina a Sabongari,
tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba.
Su uku ne a kan falange ɗaya,
wani kwandasta ya tsinto min su a gwanjon Duwala.
In na murɗa wuta duk su zabura
kamar tumakin da suka ji ƙarar kwanon dusa,
in na rage duk su tsaya.
Wannan ba tasha ba ce.
A tasha wani yana jira, wani yana aiki.

Ladidi, jikata, ta zo hutu daga Dang
da wani abu a ambulan,
ƙanƙane kamar farcen jariri,
gashin wayoyi bakwai na reto a jikinsa.
Ta ce, Kaka, da wannan kowa zai san sunansa.
Wuta za ta zauna a dogo dare da rana,
saƙo na tafiya a cikinta,
wanda aka kira shi kaɗai zai amsa.

Muka buɗe cikinsa, babu masaka tsinke,
duk dalma ce aka cusa don nauyi.
Kwana biyu ina cin ta da magagari
ina jin kamar haƙorina nake gogewa.
Ja da baƙi zuwa ƙafafu,
ruwan goro da ruwan toka zuwa inji,
fari ga fitilar gaba.
Ita ke riƙe da ƙarfen liƙi, ni da matsefata,
hannuna yana rawa, nata ba ya yi.

Muka ɗora shi a dogo.
Ƙyas.
Wani siririn hayaƙi, da warin da ban manta ba.
Ashe ƙafar injin tana taɓa gangar jiki,
ni ne na ce a bar ta, ai haka ta zo.
Sefa dubu goma sha takwas ta tashi sama.
Ladidi ba ta ce komai ba,
ta je ta ɗora shayi.

Na biyun sai da ya yi mako biyar a hanya,
ya iso a jirgin safe, cikin aljihun ɗan Maikano.
Wannan karon ta naɗe injin da salatif,
ta gwada da mita sau uku tana kallona.

Ta ce kowane sabo da lamba uku yake zuwa,
wace kake so?
Na faɗa mata tawa ta da,
wadda ke jikin ƙofa inda gwiwar hannuna ta cinye fenti.
Ta danna.
Fitila ta kama alhali yana tsaye.
Sauran biyun, da muka ɗauke gefe, suna jiran nasu layin.

Ya fizga, na ce a'a,
mai taragu goma a wuya ba ya tsalle.
Ta ƙara masa nawa, ta sake ƙarawa,
har ya tashi yadda nake tashi daga tabarma.
A mahaɗa ya yi tuntuɓe, ya mutu.
Ta goge dogo da bakin mayafinta.
Ya wuce.

Ta koma makaranta ran Lahadi.
Ta bar min lambobi a bayan kalanda
da rubutu manya-manya.
Da dare, in jirgin Yawunde ya yi kuka daga tasha,
nakan kira nawa,
ya zaro tarago ɗaya daga layi na huɗu,
ya kai shi ƙarshen tebur,
ya komo.