Baitin Da Ya Rasa Uba

A Kasuwar Barci na tsince shi,
ƙarƙashin tulin tsofaffin takardun jarrabawa,
littafin waƙoƙin mutanen Ingila na da.
Bangonsa ya sha ruwa, gara ta ɗanɗana gefe.
Baba Tanimu ya ce ɗari biyar.
Na miƙa uku, ya ce in rage masa kaya.

Muna kan gada, za mu Barnawa, na buɗe.
Shafi na saba'in da huɗu:
wani mutum, shekara ɗari huɗu baya,
yana roƙon kyandir ya daina sauri
don bai gama kallon matarsa tana barci ba.

A ƙasa, inda suna ya kamata ya zauna,
haruffa biyu kawai maɗaba'a ta sa.
Wani mai fensir ya soke, ya ba wani bafade.
Wata mai jan biro ta soke nasa,
ta ce limamin cocin ƙauye ne,
ta rataya alamar tambaya, ƙatuwa kamar lauje.

An ce masana can suna ƙirga kalmomi
yadda mai awo ke ƙirga mudu:
sau nawa ya ce amma, sau nawa ya ce kaito,
wane gaɓa yake haɗiyewa in numfashi ya ƙure.
Wai a zamaninsu hannu da hannu waƙa ke yawo,
kowa ya kwafa, ya gyara abin da bai yi masa ba,
mai ɗab'i ya manna sunan da ya fi ciniki.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ni ban yi mamaki ba.
Babana, Mati akawu, shekara ashirin da bakwai
yana dukan tafireta a ofishin jirgin ƙasa.
In an tashi aiki sai ya zura farar takarda da kabon biyu,
ya buga baitoci kan ruwan Agusta,
kan usur ɗin jirgin asuba, kan Inna.
Ƙugiyar ƙa da ɗa da biro yake ƙarasa su.
Ya raba wa abokai, bai taɓa sa suna ba.
In na yi magana ya ce,
yaushe kika ga ƙanshi ya sa hannu a takarda?

Bara, a wata walima a Unguwar Rimi,
wani mai babbar riga ya miƙe ya rera baiti huɗu,
ya ce na wani shahararren malami ne da ya rasu.
Aka gyaɗa kai, aka yi masa addu'a.
Ni kuwa na ji Ta-Sallah a baiti na uku,
sunan da mutum ɗaya tak ya kira uwata da shi.
Na buɗe baki.
Aka miƙo mini faranti, na karɓa.

Yau da dare an ɗauke wuta.
Na kunna kyandir, na koma shafin nan,
na ɗauki fensir, na auna ɗan filin da ya rage
ƙarƙashin bafade da liman.
Ban san sunanka ba, bawan Allah,
ban ma tabbata namiji ne kai ba.
Amma matar tana barci har yanzu,
hannunta ɗaya a ƙarƙashin kunci.

Kyandir ya yi ƙasa.
Na ce masa, dakata.